A Samar wa Ɓatattun Dabbobi Matsuguni a Daura

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani aiki da ake yi a garinmu Daura tun kaka da kakanni, wanda ba shi da ofis, ba shi da allo a bakin ƙofa: riƙon dabbar da ta ɓata, ko wadda mai ita ya yasar. Ni tsohon malamin dabbobi ne da na yi ritaya, don haka ganau ne ni, ba jiyau ba.

Yadda muka taso muka tarar, idan akuya ta faɗa gonar mutum ta yi ɓarna, ko aka ga tunkiya tana gararamba bayan magariba, gidan mai unguwa ake kai ta. Shi zai sa a ɗaure ta a turke, a yi cigiya a masallaci da kasuwa. In kwana ya ja, magana ta je gaban dagaci, daga nan sai hakimi. Ranar da mai ita ya bayyana kuwa, ba haka kawai ake miƙa masa igiya ba. Sai ya faɗi launinta da tsagar kunnenta, ya kawo wanda ya san shi da ita, ya biya abin da ta ci da abin da ta ɓata. Kuma wannan ba Bature ne ya koya mana ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya wuce ta babin tsintuwa, ya ji hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale ɓataccen raƙumi domin yana iya kai kansa ga ruwa da itace, amma tunkiya a kama ta, domin ko taka ce, ko ta ɗan'uwanka, ko ta kyarkeci.

Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, baitulmali da ikon doka suka bar hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Amma talaka bai daina jan akuya zuwa ƙofar mai unguwa ba. Nauyin yana nan inda yake, aljihun ne ya tafi.

A unguwarmu wani dattijo ne ya ɗauke wa mai unguwa wannan nauyi. Kangon bayan gidansa ya kewaye da darni, ya kafa turaku, ya ajiye rabin duro na ruwa. Da bazarar bana aka kawo masa wani jaki da akumari ya cinye wa baya, mikin ya kai faɗin tafin hannu, ƙuda ya riga ya yi tsutsa a ciki. Ya aiko aka kira ni. Muka sa masa dabaibayi, yara biyu suka riƙe kai, na dinga tsince tsutsar ɗaya-ɗaya ina wankewa da ruwan gishiri, jakin yana karkarwa amma ko harbi bai yi ba, don ba shi da ƙarfin yi. Kafin mikin ya kame, ya cinye harawar da dattijon ya tanadar wa tumakinsa na layya. Har yau ba wanda ya zo ya ce nasa ne. Akwai kuma awakin da ake kawowa ciki ya yi tauri, suna ci suna ramewa. Waɗannan leda ce suka kwasa a bola. Duk mahaucin da ke kwata zai gaya maka irin dunƙulen da yake cirowa daga tumbi.

Jaki ya fi ba ni tausayi. Babur da a-kori-kura sun ƙwace masa aikin ɗaukar yashi da taki, in ya tsufa sai a kwance igiya a kore shi. A ɗaya gefen kuma ga masu farautar fatarsa, wadda ake fitarwa zuwa ƙasar Sin ana dafawa a yi wani magani. Abin ya kai shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da haramta yanka jakuna don fata a taronsu na Addis Ababa cikin Fabrairun 2024. Haramci a takarda daban, jakin da ke kwana a bakin titi ba mai shi daban.

Ga abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami. Muna zaune ne dab da iyakar Nijar, ga kasuwar Mai'adua a kusa, dabba tana shigowa ta kowace kusurwa. A wannan zamani da satar shanu ta addabi jiharmu, mutumin da aka tarar da saniyar da ba tasa ba a bayan gida, babu rubutu babu shaida, me zai ce? Dattijon nan da kansa ya faɗa mini cewa yanzu akuya da jaki kaɗai yake karɓa, saniya kam a kai kasuwa. Ban ga laifinsa ba. Sannan mu da muka ga yadda cutar shanu ta bushiya ta kwantar da garake a farkon shekarun 1980, kafin a ci ƙarfinta har a shelanta ƙarewarta a duniya a 2011, mun san dabbar da ba a san daga inda ta fito ba keɓe ta ake yi tukuna. Darni ɗaya ba ya raba mai ciwo da mai lafiya.

Na san wani zai ce mutane ma ba su ƙoshi ba, wannan tsoho yana zancen jakuna da karnuka. To a duba karen. In ya ciji yaro, nan take samari ke rufe shi da jifa, shi ke nan an kashe hujjar da za a gane ko yana da ciwon hauka. Abin da ya kamata shi ne a wanke cizon da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti, shi kuma karen a killace shi kwana 10 ana lura da shi. A ina za a killace shi a garin nan? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, alhali cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato da aka kafa tun 1924 tana yin allurar rigakafinsa ta karnuka a nan gida.

Roƙona ga ƙaramar hukuma da masarauta bai taka kara ya karya ba. A ware fili kusa da asibitin dabbobi, a ja katanga, a raba shi gida biyu ko uku, a yi rumfa da kwamin ruwa. Abin da ya fi katangar muhimmanci shi ne littafi: wa ya kawo, daga ina, yaushe, mai unguwa ya sa hannu. A ɗauki hoton dabbar da waya a tura wa dillalai da sarakunan fawa, a kai cigiya gidan rediyo. A tambayi malamai wa'adin da ya dace. In ya cika, a yi gwanjo a gaban shaidu, a cire kuɗin ci da magani, a ajiye wa mai ita saura. Harawa da dusa kuwa, da kaka ake sayensu a adana, ba sai bazara ta tsananta ba. Mu tsofaffin ma'aikata muna nan da rai, in an kira mu za mu zo mu duba dabbobin kyauta.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin dabbobi,
Daura, Jihar Katsina.