Amsa ga ƙanwata mai karatun aikin jarida: hokin mata a jami'o'in Amurka

Ƙanwata, ina gaisuwa da fatan kina lafiya.

A taron ɗalibai kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni ko abin da jaridun Amurka ke rubutawa kan wasan hokin ƙanƙara na mata a jami'o'i abin dogaro ne. Lokaci ya ƙure ban ba ki amsa ba. Tunda a fili kika yi tambayar, ga amsar a fili.

Sakamakon wasa da wuya ki same shi ba daidai ba. Kowace jami'a tana da ofishin labaran wasanni, shi ke fitar da sunan wadda ta ci da mintin da ta ci, jaridu su ɗauka. Inda ake tafka kuskure shi ne wajen tarihi, kuma abin yana ci mini rai, domin kullum gefe guda yake karkata.

Ɗauki Jami'ar Wisconsin. Har zuwa 2025, rabon ƙungiyar mazansu da kofin ƙasa tun 2006. A 2006 ɗin ne kuma matan suka ɗauki nasu na farko, suka ƙara a 2007, 2009, 2011, 2019, 2021, 2023 da 2025. Kofi takwas ke nan zuwa 2025, duk a hannun koci ɗaya, Mark Johnson. To duk marubucin da ya ce Wisconsin ta daɗe ba ta ga kofin hoki ba, bai bayyana cewa maza yake nufi ba, ya faɗi abin da ba gaskiya ba, ko da bai yi niyya ba. Haka zancen yake a Minnesota: mazan sun tsaya a 2003, matan kuwa sun ci shida daga 2004 zuwa 2016. A kakar 2012 zuwa 2013 wasa 41 suka buga, suka cinye duka, babu canjaras ko ɗaya. Wallahi da maza ne suka yi wannan, babu editan da zai manta.

Akwai kuma rikicin lissafi. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta fara gasar mata a 2001, Minnesota Duluth (ƙungiya dabam da Minnesota da na ambata a sama) ta lashe ukun farko a jere. Amma daga 1998 zuwa 2000 wata ƙungiya dabam ce ke shirya gasar ƙasa, New Hampshire da Harvard da Minnesota suka ci bi da bi. Shi ya sa wani zai ce kofin Minnesota shida, wani ya ce bakwai. Kowa da hujjarsa. Aikin ɗan jarida ne ya faɗi da wanne ma'auni ya ƙirga. Wanda kuma ya rubuta kamar a 2001 aka fara wasan ya shafe 'yan matan Jami'ar Brown da ke bugawa tun shekarun 1960.

Sai batun doka. An hana mata banke juna da gangan yadda maza ke yi, wannan gaskiya ne. Amma daga nan wasu sai su ce wasa ne marar gogayya. Gani ya kori ji: duk wanda ya zauna kusa da katangar fili ya ga yadda ake turereniya a kan faifan roba ba zai rubuta haka ba.

Tushen abin a ganina ƙarancin idanu ne. Idan babu wakili a filin, sai a rubuta daga takardar da jami'a ta aiko, babu mai tambaya, babu mai bibiya. Lokacin da Jami'ar North Dakota ta rushe ƙungiyar matanta a 2017 saboda tsimin kuɗi, shekara ba ta cika ba tagwayen Lamoureux, waɗanda suka buga a can, suka zura ƙwallayen da suka ba Amurka zinare a gasar Olamfik ta Pyeongchang. Irin wannan ƙungiya ta cancanci wakilin da ke bin ta tun kafin ranar rushewa.

Saboda haka, ƙanwata, ki yarda da alƙaluman wasa. Amma duk jumlar da ta ce "karo na farko" ko "tun shekara kaza", ki dakata ki buɗe kundin NCAA na mata da na maza ki gwada. Idan kin ga kuskure, ki rubuta wa editan da shekarun a hannunki, ki nemi a buga gyara.

Yayanki a wannan sana'a.