Rahoton Kwamitin Gyaran Rufin Gidan Gado, Sabon Zango, Akra

Assalamu alaikum. Zuwa ga iyayenmu maza da mata, da magada na gida da na tafiya, da 'yan haya da suka yi haƙurin zama da mu cikin ƙura da ƙarar guduma. Aikin rufin da kuka ɗora wa kwamitin nan ya kammala, kuma mun jinkirta rahoton da gangan har sai da ruwan Mayu da na Yuni suka sauka a kansa.

Abin da iska ta yi kowa ya gani. Hadarin Afrilun bara ya yaye rufin ɓangaren gabas, mai ɗakuna biyar da ke kallon titi, ya kifa kusan rabinsa a tsakar gida, Allah ya tsare ba wanda ya ji rauni. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne yadda rufin ya tashi. Kwanon bai rabu da katako ba. Kwano da katakon gicciye da rafta da katakon kan bango duk tare suka tashi kamar an ɗaga murfin tukunya. Da muka hau kan bangon, sai muka tarar katakon an ɗora shi ne kawai a kan bulo, an kafa masa ƙusa inci shida nan da can, ƙusoshin kuma tsatsa ta cinye su har sun koma kamar tsinken sakace. Bulullukan da tayoyin da aka jera a sama shekara da shekaru su ne suke riƙe da rufin, ranar da iska ta fi ƙarfinsu kuma shi ke nan.

Dalilin haka a bayyane yake ga wanda ya san garin nan. Iska biyu ke aiki a kan rufin Akra. Ta farko ita ce ta kullum, mai tasowa daga teku ta kudu maso yamma, ɗauke da laima da gishiri; ba ta ɗaga komai, aikinta cin ƙarfe a hankali. Ta biyu ita ce ta gaban hadari, wadda galibi daga gabas take bugowa a farkon damina, daga Maris zuwa Mayu. Idan ta bi ta saman rufi tsotsarsa take yi sama, idan kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe sai ta cika ɗakin ta tura daga ƙasa. Injiniyan da ya duba mana aikin ya buga lissafin a gabanmu: iska mai gudun kilomita 100 a awa tana da ƙarfin kusan kilo 47 a kan kowace murabba'in mita, a gefuna da kusurwoyi kuma ya fi haka nesa. Rufin gabas murabba'in mita 112 ne, wato abin da ke neman ɗaga shi ya haura tan 5, alhali nauyinsa duka, kwano da katako, bai kai tan ɗaya da rabi ba. Ragowar tan uku da ɗoriya dole bango ne zai riƙe, bango kuwa ba ya riƙe abin da ba a ɗaure masa ba.

A nan ne muka sha bamban da wasu daga cikin iyayenmu, kuma ya kamata mu faɗa a fili. Shawararsu ita ce a sayi kwano mai kauri mai launi a buga a kan tsohon tsari, a gama cikin mako guda. Mun ƙi, domin da mun yi haka da mun saya wa iska sabon kwano ne kawai. Muka zaɓi kwano matsakaici, muka zuba sauran kuɗin a abubuwan da ba a gani daga titi.

An lulluɓe ɗakunan da tamfol har damina ta wuce, aka fara aiki a Disamba, lokacin hunturu. Mataki na farko shi ne ɗamarar kankare a kan bango. Tsohon rufin kusan a kwance yake, gangarensa santimita 30 kacal a faɗin mita 5.4, shi ya sa ruwa ke kwanciya a mahaɗar kwano yana komowa ciki. Mun ƙara layi biyu na bulo inci shida a bangon titi sannan aka zuba ɗamara a kai, bangon da ke kallon tsakar gida kuma ɗamara kawai ya samu, baranda ta tsaya a tsayinta na da. Da haka gangaren ya koma mita ɗaya, kusan digiri 10. Ɗamarar faɗinta santimita 15, tsayinta 22 da rabi, ta zagaye ɗakunan har da bangayen tsakani, tsawonta duka mita 58. A cikinta rodi mai milimita 12 guda huɗu, da zobe mai milimita 8 kowane santimita 20. Haɗin kankaren kashi ɗaya siminti, biyu yashi, huɗu tsakuwa. Yashin rafi muka saya. Yashin bakin teku ya fi sauƙin kuɗi, amma gishirinsa yana cin rodi daga ciki har kankaren ya tsage. An bar santimita 3 na kankare tsakanin rodi da waje, an kuma riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana bakwai, saboda iskar hunturu tana busar da kankare kafin ya yi ƙarfi. Bulo 140 da siminti buhu 20 suka shiga wannan mataki.

Tun kankaren yana ɗanye aka dasa bolti 32 masu milimita 12, masu lanƙwasasshen gindi da ya maƙale a rodi, ɗaya kusa da mazaunin kowace rafta. Da su aka ɗaure katakon kan bango, da wosha mai faɗi da noti. Kowace rafta kuma an yi mata ɗauri da langalanga mai rufin tutiya: ta fito daga ƙarƙashin katakon bango, ta hau ta kan raftar, ta sauka ɗaya gefen, ƙusa huɗu kowane ɓangare. Haka aka yi wa kowace mahaɗar rafta da gicciye a layukan gefe. Ƙusar da aka buga a karkace ita kaɗai ba ta hana katako tashi sama, zarewa take yi. Ginshiƙan baranda biyar su ma da a ajiye kawai suke a kan daɓe. Yanzu kowanne yana zaune cikin takalmin ƙarfe da aka binne a kankare, an ɗaga gindinsa santimita 5 don kada ya sha ruwa.

Tsohon katakon yawancinsa na icen da ake kira wawa ne. Wawa yana da sauƙin kuɗi da sauƙin aiki, ya dace da allon zuba kankare, amma ba ya riƙe ƙusa, gara da ƙwaro kuma suna sonsa. Wasu raftocin da hannu ake marmashe su. Mun sayi katakon icen dahoma a Kasuwar Timba: inci 2 da 6 guda 26 na rafta, inci 2 da 3 guda 44 na gicciye, inci 2 da 4 guda 10 na kan bango. An jera shi a inuwa da tsinke a tsakani ya sha iska mako uku, domin ɗanyen katako idan ya bushe a sama yana murɗewa ya sassauta sukuru. An shafa masa maganin gara sau biyu, an maimaita a duk bakin da zarto ya yanka. Baƙin man mota da wasu ke shafawa ba magani ba ne, baƙi kawai yake sa katako. Mun kuma kauce wa maganin katako mai jan ƙarfe a ciki, saboda yana cin irin kwanon da muka saya. Raftoci 16 ne, tazarar mita 1.2, da yake katakon kasuwa ƙafa 14 ne, kowace rafta an yi mata haɗi a daidai kan bango da bolti biyu, ba a tsakiyar ɗaki ba. Dahoma yana da tauri, sai an huda kafin a buga, ƙurarsa kuma tana sa hawaye da atishawa, don haka kafintoci sun yi aiki da takunkumi.

Kwanon aluzinc ne, wato ƙarfe da aka lulluɓe da haɗin alminiyum kashi 55 cikin ɗari da tutiya, mai kaurin milimita 0.40, nauyin haɗin da ke jikinsa giram 150 a murabba'in mita. Da gidan a Chorkor yake ko Korle Gonno, inda feshin teku ke sauka a kan rufi kai tsaye, da alminiyum zalla mai kauri za mu ba da shawara. A nan Sabon Zango wannan ya wadatar idan an kula da shi. Mun sa an yanko shi dogo, mita 6 kowanne, guda 28, daga sama har ƙasa ba mahaɗa, don mahaɗar tsakiya ita ce uwar yoyo a rufi marar gangare sosai. Kayan da aka fara kawowa mun auna su da ma'aunin kauri kafin a sauke, sai muka samu 0.32, alhali takarda ta ce 0.40. An mayar, an sake kawowa bayan kwana tara. Duk mai sayen kwano ya auna a gaban mai mota, kuma ya tuna fenti yana ƙara wa ma'auni kauri.

Gicciye layi tara ne. Tazara biyun farko na sama da biyun ƙarshe na ƙasa santimita 60 ce kowacce, na tsakiya kusan 90, saboda gefe ne iska ke fara kamawa. Ba a buga ƙusa mai hula ko ɗaya ba. Sukuru aka yi amfani da shi, mai tsawon milimita 65, mai rufin hana tsatsa da wosha mai roba, a kan tudun kwano ba a kwarinsa ba. A layuka biyu na sama da biyu na ƙasa, da kwanuka biyu na kowane ƙarshe, kowane tudu ya samu sukuru. A tsakiya ana tsallake ɗaya. Kusan 770 suka shiga, ban da ƙanana 350 na ɗinke gefen kwano da kwano da na lulluɓi. Ɗaurin sukuru yana son hannu: idan bai kama ba ruwa ya bi, idan ya wuce kima roba ta fashe, tudun ya lotsa ya zama tafki. Tsohon rufin ya leƙo titi da santimita 90, nan ne iska ta fara sa hannu. Yanzu ta wajen titi babu leƙe, an lanƙwasa kwanon lulluɓi ya sauko santimita 20 a jikin bango an ɗaure shi. Ta tsakar gida leƙen santimita 45 ne, an rufe ƙarƙashinsa, an bar ƙananan kafofin iska masu raga don zafi ya fita.

Kurakurai biyu sun faru, duka an gyara. A rana ta biyu wani yaron kafinta ya yanka kwano da garanda, wato injin yankan ƙarfe, a kan rufin. Tartsatsin ƙarfen ya zube a kan kwanuka uku, raɓa ta sauka, cikin kwana huɗu sai ga ɗigon tsatsa kamar an watsa barkono. An goge da buroshi mai laushi tun bai ci ba, ɗaya kwanon da bakinsa ya ƙone aka canza. Daga nan sai almakashin ƙarfe, kuma kullum a share rufin kafin a sauka. Na biyu ya bayyana a ruwan farko na Maris: ɗakin ƙarshe ya yi yoyo inda rufin ya haɗu da doguwar katangar arewa. An manna lulluɓin ne a jikin bango aka shafe da siminti, siminti kuwa ba ya zama da kwano, zafin rana yana motsa ƙarfe ya tsaga shi, ɗanyensa kuma yana cin aluzinc. An fasa, an yanka tsagi mai zurfin santimita 2 da rabi a layin bulo, an cusa bakin lulluɓin ciki, an toshe da abin liƙi mai taushi. Tun daga nan ba ɗigo.

An sa magudana mai faɗin santimita 15 a bakin rufin da bututu uku na inci huɗu. Ruwan milimita 25 kaɗai yana sauko da lita 2,800 daga wannan rufi, da can duk a tsakar gida yake zuba. Yanzu bututu ɗaya yana shiga tanki, biyu suna fita kwata. Muna roƙon iyayenmu mata su sa ido kada yara su zuba shara a kwatar. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015 ya san abin da toshewar magudana ke jawowa a garin nan.

Ɓangaren arewa gyara kawai ya samu: an canza kwano 11, an zare tsoffin ƙusoshi an sa sukuru, an ɗaure raftoci da langalanga zuwa layi na uku na bulo, an sauke duwatsu da tayoyi. Wannan ya rage haɗarin amma bai kai na gabas ba, tunda babu ɗamara. Wayar wutar da ke cikin silin ɗin gabas an sake ta gaba ɗaya cikin bututu.

A kowace sidi 100 da aka kashe, 38 ta tafi a kwano da sukuru, 21 a katako da magani, 17 a ɗamara da bolti da langalanga, 19 ladan ma'aikata, 5 dako da tamfol. Rasit ɗin komai yana hannun ma'aji ga mai son dubawa.

Abin da ya rage shi ne rufin madafi, wanda na asbestos ne da ake kira silet. Ba mu taɓa shi ba, kuma muna gargaɗi kada kowa ya huda shi ko ya yanka ko ya goge, don ƙurarsa tana lalata huhu. Ranar da za a cire shi sai an jiƙa shi, a sauke shi ɗai-ɗai ba tare da fasawa ba, ma'aikata da takunkumi na gaske. Sai ɗamarar ɓangaren arewa, wadda muke so a yi a Disamba mai zuwa. Kafin nan, kowane Fabrairu da Agusta a hau a share magudana, a duba sukuru, a wanke ƙarƙashin leƙen baranda da ruwan famfo, domin nan ruwan sama ba ya kaiwa, gishiri kuma nan yake taruwa. Mai hawa ya taka kwarin kwano a daidai layin sukuru. Mai son kafa tauraron talabijin ya kafa a bango. Ragowar kwano ɗaya da sukuru 130 da langalanga rabin naɗi suna ɗakin ajiya na zaure, makullin yana wurin Baba mai gida. Za a zauna kan kuɗin ɓangaren arewa ranar Lahadi bayan la'asar, in Allah ya yarda.

Wassalam.
Kwamitin Gyaran Rufi