Shi Ma Alhajin Nan Mai Tsawa Ya Taɓa Zama Yaro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan wani giɓi da na daɗe ina lura da shi a wasannin kwaikwayonmu na Hausa, musamman masu dogon zangon nan da ake nunawa a talabijin da YouTube. Giɓin ya shafi yadda ake fito da iyaye. Da wuya ka kalli shiri ba ka tarar da uba mai tsanani wanda ba a ganin haƙorinsa ba, ko uwa mai kwaɗayi da take tura 'yarta gidan mai kuɗi, ko matar uba mai gallaza wa 'ya'yan miji, amma ba kasafai ake tsayawa a nuna wa mai kallo inda waɗannan mutane suka samo halinsu ba. Sai ka ce da rawaninsa da tsawarsa aka haifi Alhaji, bai taɓa rarrafe a tsakar gidan kowa ba.

Nuna inda iyaye suka samo halinsu ba sabon aiki ba ne a Najeriya. Tun a 1987 gidan talabijin na ƙasa, NTA, ya nuna wasan Things Fall Apart, wanda aka gina a kan littafin Chinua Achebe na 1958, inda Pete Edochie ya fito a matsayin Okonkwo. Yawancin waɗanda suka kalla sun fi tuna gurnanin mutumin da addarsa, alhali ginshiƙin labarin shi ne ubansa Unoka, mai busa sarewa, wanda bashi ya yi wa katutu, ya rayu ba rumbu ba muƙami, ya kuma ƙare da ciwon kumburi da ya sa aka kai shi daji aka bari ba tare da jana'iza ba. Okonkwo yana yaro wani abokin wasansa ya yi masa gori da cewa ubansa agbala ne, kalmar da take nufin mace, take kuma nufin namijin da bai riƙe muƙami ba. Gorin nan bai bar shi ba har ya zama magidanci mai mata uku, wanda ya fara noma da irin doyar da ya karɓo a hannun wani attajiri, tun da bai gaji ko ƙwaya ɗaya ba. Ya tsani duk abin da ubansa yake so, wato taushin hali da kiɗa da zaman hira, saboda haka da ya ga ɗansa na fari, Nwoye, yana ɗan shekara 12 ya fi son tatsuniyoyin uwarsa a kan labaran yaƙi, sai ya ga Unoka ya dawo masa cikin gida, ya tasa yaron a gaba da faɗa da duka.

Inda abin ya fi sosa rai shi ne batun Ikemefuna, yaron da ya shekara uku a gidansa har yana kiransa baba. Da mutanen garin suka yanke hukuncin kashe yaron, wani dattijo ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu a kisan, amma ya sare shi da kansa don kada a ce masa rago, sannan ya koma gida ya kwana biyu bai iya cin abinci ba. Mutumin nan kuma shi ne ya shiga daji ya haɗo magani lokacin da zazzaɓi ya kama 'yarsa Ezinma, shi ne ya ɗauki adda cikin dare ya bi sawu lokacin da mai bautar dodon garin ta goye ta zuwa kogo. Yana da ƙauna, tsoro ne ya hana shi nuna ta, tsoron kuwa na yaro ne da aka taɓa yi wa gori a filin wasa. Da Nwoye ya bar gida ya bi 'yan mishan, mai kallo ya riga ya san cewa an daɗe da korar yaron kafin ƙafarsa ta fita.

Misali na biyu daga Amurka yake, wato wasan dandamali mai suna Fences na August Wilson, wanda ya sami lambar yabo ta Pulitzer a 1987, aka kuma mayar da shi fim a 2016 tare da Denzel Washington da Viola Davis. Jigon wasan shi ne Troy Maxson, baƙar fata ɗan shekara 53 mai aikin kwasar shara a birnin Pittsburgh a 1957. Ubansa manomi ne mai noman kashi-mu-raba a kudancin ƙasar, mai 'ya'ya 11, wanda zafin halinsa ya sa uwar Troy ta gudu ta bar shi yana ƙarami. Yana ɗan shekara 14 uban ya yi masa dukan kawo wuƙa, daga nan ya bar gida ya taka mil 200 a ƙasa zuwa garin Mobile, daga baya ya shafe shekara 15 a kurkuku. Ya ƙware a wasan besbol, wato ƙwallon da ake bugawa da sanda, amma kafin a buɗe wa baƙaƙe ƙofar manyan ƙungiyoyi a 1947 shekarunsa sun ja. Saboda haka da wata jami'a ta nemi ɗansa Cory don buga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, sai ya ƙi sa hannu a takarda, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi.

Akwai wata fitowa a wasan da nake ganin magidanta da yawa a ƙasarmu za su tsinci kansu a cikinta. Cory ya tambayi ubansa dalilin da ya sa ba ya sonsa, uban ya amsa da cewa ba wata doka da ta ce dole ya so shi, abin da ke kansa shi ne ci da sha da sutura da wurin kwana, kuma yana sauke su. Abin lura shi ne, wannan ne kaɗai abin da Troy yake yaba wa nasa uban da shi, cewa duk muguntarsa bai gudu ya bar 'ya'yansa da yunwa ba. Ya ɗauki ɗan abin kirkin da ya gani a gidan da ya tashi, ya ɗauka shi ne ubanci gaba ɗaya, ya miƙa wa ɗansa yana jiran godiya.

Mu kuwa a ƙasar Hausa kayan aikin nan a ƙofar gida suke. Muna da ɗan riƙo da aka kai wa gwaggo ko kawu tun bai san hannun damansa ba, muna da agola da ya bi uwarsa gidan da ba a murna da zuwansa, muna da maraya, da almajirin da ya yi ƙuruciyarsa yana jiran ɗan ƙanzo a bakin zaure, da yarinyar da aka ɗora wa farantin talla tun tana shekara bakwai aka kuma aurar da ita kafin ta gama wasan 'yar tsana. Waɗannan duka suna girma su zama iyaye, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Wani yakan fito da tauri yana kafa hujja da "ka ƙi naka duniya ta so shi", wani kuma yakan rantse ɗansa ba zai sha wahalar da ya sha ba, har ya sangarta shi ya lalace. Uwar da take matsa wa 'yarta ta auri mai kuɗi, in da marubuci zai nuna mana ta taɓa kwana uku ba a ɗora tukunya a gidansu ba, da mun ci gaba da ƙin abin da take yi, amma da mun daina ganin ta kamar dodo a tatsuniya. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 shirye-shirye masu dogon zango suka yawaita, ana samun makonni da watanni na labari, don haka ba za a ce lokaci ne ya yi ƙaranci ba.

Sai dai akwai wani tarko da ya keɓanta da mu, wato kara. A al'adarmu uba ba ya sakin fuska da ɗan fari, uwa ba ta ambaton sunansa, kuma wannan alkunya ce, ba alamar ƙiyayya ko tsohon rauni ba. Marubucin da ya san aikinsa dole ya bambance wa mai kallo uban da yake kawar da kai don kunya, yana aika ƙanensa a ɓoye ya biya wa yaron kuɗin makaranta, da uban da ya fake da kara domin shi kansa ba a taɓa dafa kansa ba, bai san yadda ake yi ba.

Na san za a ce wannan nema wa azzalumin uba uzuri ne, wasu kuma su ce tonon asirin iyaye ne a gaban 'ya'ya. Wasannin nan biyu ba su wanke kowa ba. Okonkwo ya rasa ɗansa, Troy ya kori nasa da hannunsa, har Cory ya dawo ranar jana'izar uban a 1965 yana cewa ba zai halarta ba, sai da uwarsa ta yi masa magana. Abin da ba na so shi ne maganin da muka saba da shi, inda a kashi na ƙarshe za a kwantar da Alhaji a gadon asibiti, a saka kiɗan tausayi, ya zayyana tarihinsa cikin minti biyar, kowa ya yi kuka a yafe wa juna. Ƙuruciyar mutum a ɗabi'unsa na kullum take fitowa, a can ya kamata kyamara ta neme ta.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa barin makullin ɗakin hatsi ya kwana a hannun kowa ba, da kansa yake auna tiya kowace safiya, kuma in ya ga an zubar da ragowar tuwo ranar ba mai sakewa a gidan. Mun tashi muna kiran wannan rowa a bayan idonsa. Sai a zaman makokinsa ƙanwarsa ta gaya mana cewa bayan rasuwar uwarsu an kai su riƙo gidan da ake kulle abinci a hana su, kuma shi ne yake ɓoye rabin nasa tuwon a aljihun riga ya kawo mata da dare. Ina da shekara 46 a ranar da na ji wannan labari.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani malamin makaranta mai ritaya, Zariya