Wasiƙa daga Tawa zuwa Abijan: har yanzu ina nan a kan Ibro

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk 'yan gida da ke nan Abijan. Ya kasuwa, ya haƙuri da baƙunta? Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. An kai hatsi gida, sanyi ya fara shigowa da ƙurarsa. Inna ta samu saƙon da ka aiko, ta sa maka albarka, ta kuma ce in tambaye ka ko hanyar Tawa ce ta ɓace maka. To, na isar, sauran tsakaninku ne.

Muryar da ka turo mini ta WhatsApp na saurare ta, na kuma kunna wa 'yan fada suka ji da kunnensu, don kada a ce ni na ƙara gishiri. Kai ne ka ce wanda duk ya ɗora wani ɗan wasa sama da Ali Nuhu bai san fim ba, sannan ka ce marigayi Ibro mai ba yara dariya ne kawai. Ranar shayi ya kusa ƙonewa a kan wuta. Tela ya goyi bayanka, amma shi ka san dalilinsa, ɗinkin kaftani yake kallo ba wasa ba. Na so in mayar maka da murya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin forfe ɗinka da nawa, wato kuɗin intanet na salula. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta in ka tashi daga kasuwa.

Kada ka ɗauka raina Ali Nuhu nake yi. Mutumin da yake cikin harkar tun zamanin kaset, ya wuce zamanin faifai, ya shigo zamanin salula kuma har yau ana damawa da shi, ba a kiransa Sarki a banza. Yara da yawa a ƙarƙashin kamfaninsa na FKD suka fito, ya yi fim da mutanen kudancin Najeriya, kuma a watan Janairun 2024 gwamnatinsu ta ba shi shugabancin hukumar fina-finai ta ƙasa. Duk na yarda. Ya iya tsayuwa gaban kamara, ya iya sa tufa, ya iya kallon mace da idon da zai sa 'yan matan gida su yi shiru. Abin da ya raba ni da kai shi ne, in na rufe ido na tuno shi, ɗan sarki nake gani, ko ɗan mai kuɗi, ko alhaji mai kamfani da falo da mota. Ina sha'awarsa daga nesa. Ban taɓa kallonsa na ce wannan ai maƙwabcina ne ba.

Ibro kuwa maƙwabcin kowa ne. Yau mai gadi, gobe ɗan kabu-kabu, jibi malamin ƙarya mai duba, gata baƙauyen da ya shigo birni da ƙulli a kafaɗa yana nuna ya fi kowa wayewa. Ka faɗa mini gaskiya, cikin 'yan garinmu da ke sauka tasha a nan inda kake, nawa ne ba ka ga Ibro a tafiyarsu ba? Mutum ne mai cika baki alhali cikinsa na kaɗawa, mai bashi da alkawarin gobe, mai tsoron matarsa a ɗaka da zare ido a waje. Kuma ka lura da abin da yake yi kafin ya shara ƙarya: zai ɗan dakata, ido ya juya gefe, baki ya motsa ba magana, kai mai kallo ka riga ka san abin da ke tafe amma ba ka iya riƙe dariyarka. Wannan dakatawar ba a rubuta ta a takarda. Sai wanda ya zauna da mutane ya karance su. Shi kuwa kafin fim aikin gandiroba ya yi, ka ga kuwa ya ga mai laifi da mai rantsuwa da mai kuka da mai dabara iri-iri.

Abin da ban yarda da shi ba a maganarka shi ne ɗaukar ban dariya a matsayin ƙaramin aiki. Sa mutum kuka ba shi da wuya. A kashe uwar yarinya, a kawo kishiya mai mugunta, a saki kiɗan tausayi, sai hawaye. Dariya ba ta jin umarni. In abu bai ba ka dariya ba, ko darakta ya yi rawa da kansa ba za ka yi ba. Ibro ya shekara da shekaru yana sa dattijo da jikansa dariya a kan tabarma ɗaya, daga Kano har Agadas.

Na san za ka kawo mini tarin fina-finansa marasa kai, kuma akwai su. An riƙa liƙa sunansa a kan kowane irin shirme don faifai ya sayu, wani fim ɗin ihu ne da guje-guje daga farko har ƙarshe, da gani ka san a gurguje aka yi shi. Wannan laifin kasuwa ne da ta gano sunansa kuɗi ne. Ko a cikin irin waɗannan, in ya shigo sai ka ga wurin ya farka. A 2008 har ɗaure shi aka yi a Kano a rikicin 'yan fim da hukumar tace fina-finai, ya fito ya ci gaba da abinsa. Da Allah ya karɓi ransa a watan Disamban 2014, bai kai shekara 45 ba. Ka tuna ranar? A fadarmu an yi jugum kamar ɗan unguwa aka rasa. Tun daga lokacin masu barkwanci sun yi yawa, wasu ma na yaba musu, amma har yau in aka ga sabo sai a ce ya kusa Ibro ko bai kusa ba.

Kallon ma yanzu ya sauya, ban sani ba ko haka yake a wajenku. Gidajen kallon da muke biyan dala biyar mu zauna kan benci, gurup, wato injin wuta, na ƙara a bayan zana, yawancinsu sun koma na ƙwallon Turai. Fim ya koma salula. Yaro zai kai katinsa wajen mai turawa a bakin kasuwa a cika masa da 'yan canji, shi kuma wanda ya kashe kuɗinsa ya shirya fim ɗin ko dala ba ta isa hannunsa. Abin da ya kashe kasuwar faifai ke nan, shi ya tura 'yan fim ga fim mai dogon zango. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta nuna musu hanya da Daɗin Kowa, daga baya YouTube ya buɗe wa kowa ƙofa. Can kuwa yawan masu kallo da daɗewarsu a kai shi ne kuɗi, don haka labarin da zai ƙare a sati huɗu sai a ja shi shekara. Mutum zai fito daga ɗaki, ya sa takalmi, ya buɗe mota, ya tayar, ya fita ƙofa, duk ana nuna maka, kuɗin forfe ɗinka na tafiya.

Duk da haka ba na cikin masu cewa komai ya lalace. Hoto ya gyaru, murya ta fito, an rage rawa da waƙar da ake cusawa ko labari bai nema ba. Daɗin Kowa ma ni ya fi kwanta mini, don garin da suka gina akwai mai shago, akwai malamin allo, akwai magidancin da abin cefane ke gagara, ka ga dai irin mutanen da na ce maka ina nema. A gidanmu kuwa Labarina ne sarki. Tun da ya fara a 2020 mai ɗakina da ƙanwarka suka mai da shi farilla, ranar da za a saki sabo da wuri ake sauke tukunya. Da aka sauya wasu 'yan wasa a tsakiyar labari, sai da aka yi kwanaki ana shari'a a tsakar gida, kowa da wanda take ɗora wa laifi. Ni dai na ce musu wanda ya saba da fuska ba ya son a sauya masa, amma labari ba na ɗan wasa ba ne. Ba wadda ta saurare ni. Yaran kuma sun fi son fassarar Indiya, inda mai fassara ke sa wa jarumi baƙar magana irin ta 'yan tasha. Wani lokaci har ni ina tsayawa in ji, don fassarar ta fi fim ɗin daɗi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda gardamarka ta tono mini. Ni da kai muna ta jayayya a kan mutum biyu, dukansu daga ƙetaren iyaka. Ba laifi ba ne, harshe ɗaya ne, jini ɗaya ne, 'yan ƙasarmu ma suna can suna taka rawa, ga Fati Nijar da muryarta ta cika fina-finansu. Amma ka san wata uku kacal bayan rasuwar Ibro, a watan Maris na 2015, Mustafa Alasan ya rasu a Wagadugu? Mutumin nan a garin nan ya zauna. Da yawa daga cikin samarinmu mai otel suka san shi, ba su san duniya ta san shi da fim ba, yana cikin na farko-farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka. Ban ji fadar da aka yi jugum dominsa ba.

Kwanan baya wani mushe, wato malamin makaranta, da muke zama tare ya nuna mini fim ɗin Mustafa Alasan na 1966 a kwamfuta. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa huluna da takalma, suka hau dawaki, suka sauya sunaye, suka addabi ƙauyensu da abin da suka kwaikwayo. Ka duba fa, tun wancan lokacin mutumin ya hango abin da kallo ke yi wa matashi, kuma da dariya ya faɗe shi, ba da wa'azi ba. Na kalla ina tuna yaran unguwa da yanzu suke karya harshe irin na Kano, suna aski irin na jarumai. Na kuma tuna ka, na ce Allah ya sa in za ka dawo ba akwatin kaboyi za ka kawo mana ba. Zalika Sule tana ciki, wadda ake lissafawa cikin matan farko da suka riƙi wasan fim sana'a a wannan yanki na Afirka. Ta sha zagi a kan haka, ta kuma rasu a 2021.

Kai ma da kake Abijan akwai naka rabon a tarihin. Umaru Ganda, wanda aka sa wa gidan al'adu na Yamai sunansa, bayan ya dawo daga yaƙin Indocin a cikin sojan Faransa, nan garin ya je neman kuɗi kamar yadda kuka je. A nan ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, ya fito a fim ɗinsa na 1958 da aka ɗauka a unguwar Treichville, a matsayin lebura ɗan ci-rani. Daga baya ya koma shirya nasa, kuma a 1972 shi ne mutum na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, da fim a kan auren mace fiye da ɗaya. Wato lokacin da ɗan Nijar ke ɗaukar kyautar Afirka, saura shekara 18 a fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano, don sai 1990 aka fara. Mu muka riga su tashi, suka wuce mu muna tsaye.

Dalilin a ganina ba ɓoyayye ba ne. Namu sun yi fim mai tsada, da tallafin waje, ana kai shi bukukuwa Turawa su tafa, talakan Tawa bai gani ba. Na Kano suka ɗauki kamara mai araha, suka yi da Hausar kasuwa, suka sayar wa matan aure a cikin gida. Wanda ya kai kaya ƙofar gida shi ke ciniki. Abin da muka samu da ya shiga gidaje shi ne wasan kwaikwayon Télé Sahel, zamanin su Yazi Dogo, lokacin da unguwa guda ke taruwa gaban tele ɗaya. A nan ne kaɗai nake jin an yi magana irin tamu, an yi ba'a da ma'aikacin ofis irin namu. Kuma ka lura, shi ma da ban dariya ya kama mutane.

Labari kuwa ba mu rasa shi ba. Wa ya taɓa yin fim mai dogon zango a kan matar da mijinta ya tafi Abijan ko Libiya ya bar ta da yara da suruka, tana jiran saƙo daga damina zuwa damina? Ko a kan mai albasa da ya yi asara a shekarar da kowa ya noma? Ko ɗan kokawa da ya faɗi a gaban garinsu? Rabin gidajen Adar wannan ne rayuwarsu. Da za a yi, ba jarumi mai falo ake buƙata ba, mai fuska irin ta Ibro ake nema, wanda zai ba ka dariya da abin da ke ci maka rai. Yara a nan sun fara 'yan gajerun wasanni da salula suna sawa a TikTok da Facebook. Akasari shirme ne, amma akwai wani siriri a cikinsu da ke kwaikwayon ɗan ci-rani da ya dawo da Faransanci rabi da rabi, zan tura maka ka gani, sai dai kada ka ce da kai ake.

In ka samu sarari wata Lahadi ka leƙa Treichville ka ɗauko mini hoton unguwar, ina so in nuna wa mushen nan. Amsarka kuma a rubuce nake son ta, don 'yan fada sun ce a gabansu za a karanta, Tela har ya yi alkawarin sayen sukari. Ka zo da hujja, kada ka zo mini da kaftani.

Ka gaida uwargida da yara, ka gaida duk 'yan Adar da ke tare da kai. Mai ɗakina tana gaishe ku, ƙanwarka ta ce atamfar da ka yi mata alkawari ba ta manta ba. Allah ya ba da kasuwa, ya dawo da ku gida lafiya.

Naka har kullum,
amininka na Garkawa, Tawa.