Kafin ki ba kafinta kuɗin armuwar

Ɗiyata, ina gajiya, ya gidan, ya maigidan naki. Na ga hoton armuwar da kika turo mani a WhatsApp, ta yi kyau ba laifi, amma kar ki ba kafinta ko dala tukuna. Waccan don masu kwat da wando aka yi ta, fiye da rabinta wurin rataya ne, ke kuwa kayanki na ninkewa ne, atamfa, shadda, leshi, zannuwa, ɗankwali. In ya yi maki irinta kayan lefe za su ci gaba da zama cikin akwati ƙarƙashin gado ita kuma tana tsaye wayam ta cinye maki ɗaki.

Ki fiddo komai ki zube bisa tabarma, na ninkewa gefe na ratayewa gefe, wanda rabonki da shi tun kina kwaleji ki ba ƙannenki, suna so kunya ce ta hana su tambaya. Abin da ya rage shi za a yi ma wuri.

Wurin rataya kashi ɗaya cikin uku ya ishe ku. Zurfinsa ya kai santimita 60, in bai kai ba kafaɗar hanga ba za ta bar ƙofa ta rufu ba. Abaya da dogayen riguna na son tsawo kamar 150, rigunan maigidanki na aiki 100 ya isa, ƙarƙashinsu sai a sa durowa biyu. Manyan rigunansa na shadda kuwa kar ki rataye, yadda masu bugu suka ninko su haka za ki ajiye.

Kantocin su ne maganar. Tsakanin kanta da kanta kar ya wuce santimita 30, don in kika jibga atamfa goma sha biyar bisa juna ran da kika zaro ta ƙasa duk sai sun biyo ta, ga ki kina saurin zuwa suna ga kaya zube a ƙasa, daga nan shirin ya watse ba kya sake gyarawa sai wata salla, na san halinki. Faɗin kanta kuma ya tsaya kamar 80, in ya wuce katakon na lanƙwasawa a tsakiya, turmin atamfa yadi shida ne, nauyi gare shi. Ki ce ma kafintan ya huda ramuka a gefe yadda za ki iya ɗaga kanta ko ki sauke ta. In kin jera ki juyo bayan ninkin waje ki riƙa ganin zanen kowace.

Armuwar ta kai har kusa da silin. Can sama bargo da rigunan sanyi, ba mai neman su sai Disamba. Ya rufe bayanta da kyau saboda ƙurar hunturu, ya yi mata ƙafa kamar santimita 10, ki bar faɗin tafin hannu tsakaninta da bango, gara ba ta sallama, kuma bango na tsatsafo da damina.

Ƙofa mai turawa gefe ana yayinta, ni dai ban yarda da ita ba a Damagaram, rairayi ke cika layin ta cije. Sai in tsakaninta da gado ba wurin buɗewa. Mai hinji ma ta fi amfani, madubi daga ciki, ɗaya ɓangaren a sa sanda ta gyale da hijabi.

Humra ki raba ta da farar shadda, tabon mai ba ya fita. Kaskon turaren wuta kuma don Allah kar ya shiga ciki ko da wasa, ki turara a kabbasa su huce sannan ki jera.

Tunda gidan haya ne ki ce ya yi ta gida biyu da ake haɗewa da kusa mai murɗi, ran tashi ta fita ƙofa salin alin. Alhamis zan shiga kasuwar Dole, in na fito zan biyo mu auna bangon tare, ki aro mita wajen telanki. Babanku na gaishe ku.

Innarki