Zuwa ga Malamin da ya tambaye ni: marubuciya ko mai cefane?

Assalamu alaikum, Malam. Ina gajiyar taro?

Ranar Asabar, a gaban marubuta da ɗalibai, ka kai hannu kan tebur ka ɗauki ɗan littafina ba izini, ka buɗe, ka karanta wa jama'a shafi guda da muryar nan taka ta mai gabatar da muƙala: "Gero kwano biyu. Albasa. Maganin Inna. Babi na 9: a maido amarya gida kafin azumi." Aka kwashe da dariya. Sannan ka juyo ka ce, wai ke Malama, marubuciya ce ko mai cefane? Ka ƙara da cewa ilhama ba a jera ta lamba-lamba, duk mai jera abin da zai rubuta akawu ne kawai. Na yi shiru a lokacin, don a gidanmu ba a mayar wa babba magana cikin mutane. To amma cikin mutane ka yi tambayar, ga amsarta nan.

E, ni mai cefane ce, Malam. Idan ban je Kasuwar Daji ba na aika, kuma ni nake lissafin canji. Bakwai da rabi ina gaban allo da yara, in dawo da rana tsaka cikin zafin Afrilun Sakkwato, wanda kai ma ka san ko ƙadangare neman inuwa yake yi. Awa guda ce tawa, bayan isha'i, idan yara sun kwanta, sau da yawa da fitilar waya. Wanda aka aje wa tuwo a rufe, aka goge masa riga, aka ce wa yara "ku yi shiru Baba na nazari", shi zai iya zama jiran ilhama har ta ga damar zuwa. Ni in na ɓata awar nan ina tunanin inda na tsaya jiya, shi ke nan, sai gobe. Shi ya sa kafin in rufe littafi nake rubuta abu uku da zan fara da su washegari, ba sa wuce uku. Gero da babi na 9 suna shafi ɗaya ne saboda a rana ɗaya suke, kuma mace ɗaya ce za ta yi su.

Da ka ƙara buɗa shafi biyu, da ka ga abin da ya fi ba da dariya. Akwai jerin mutanen labarin, kowa da shekarunsa, da danginsa, da babin da ya fara bayyana. Wahala ce ta sa ni fara shi: na taɓa kashe wani kawu a babi na 4, sai ga shi a babi na 11 yana rabon goro wurin ɗaurin aure, kuma ɗiyata ce ta kama ni. Akwai jerin abubuwan da sai na tambayi masu sana'a kafin in rubuta, kamar kwana nawa fata ke yi a jima. Akwai kuma na kalmomin da nake tsinta a bakin tsofaffi wurin suna da biki, waɗanda ba ka jin su bakin yaran yanzu. Jerin bai taɓa rubuta mini jimla ko ɗaya ba, tsare mini hanya kawai yake yi.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne daga bakin Basakkwace maganar ta fito, wanda ke yawan cika baki da tarihin Daular Usmaniyya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin gajeriyar waƙa, kuma waƙar tana nan da Fulatanci da Hausa da Larabci, don malamai mata da ake kira jaji su kai wa ɗalibansu mata, wato 'yan taru, a ƙauyuka su haddace. Waƙarta "Tawassuli ga Mata Masu Albarka" fa? Jerin mata ne, daga iyalan Manzon Allah (SAW), zuwa su Rabi'atul Adawiyya, har zuwa matan jama'ar Shehu. Malam Abdullahin Gwandu ya zauna ya jera malaman da ya yi karatu wurinsu a littafinsa Ida'un Nusukhi. Su ma akawu ne? Daga zauren da ka yi maganar zuwa Hubbare, inda kabarin Shehu yake, ba nisa, ka je can ka maimaita ta.

Batun cewa rubutun hannuna ba kyau, na yarda. Cewa na daɗe ban gama littafin nan ba, shi ma gaskiya ne. Amma tun ina ɗaliba nake jin labarin gagarumin littafin da kake rubutawa, wanda ka ce zai girgiza adabin Hausa. Yanzu ɗiyata ta kusa gama sakandare. Allah ya kawo ilhamar, ranka ya daɗe.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Kullum kuka muke yi cewa an mayar da adabin Hausa kamar na Kano kaɗai, ba a jin ɗuriyar Sakkwato. Yarinya ta zo taro da rubutunta, jikinta na rawa, manya su tsaya kan ɗigon da ta manta da lallen hannunta, ba mai tambayar ta me labarin ke cewa. Ranar Asabar na ga ɗalibai mata biyu suna tura littattafansu cikin jaka lokacin da ake dariyar nan. Ɗaya daga cikinsu ta yi niyyar karanta waƙa, ba ta karanta ba. Ko ka lura? Ina zaton a'a, hankalinka na wajen masu tafi.

Littafin nawa kuma, don Allah, nan gaba a tambaya kafin a ɗauka. A jerin yau kai ne na uku, bayan gawayi da kuɗin islamiyyar yara: "Amsa wa Malam." Na soke shi yanzu. Saura amarya, har yanzu ba ta dawo gida ba.

Wassalam.