Ɗura Harsashi a Gida Ba Ɗurin Bindigar Toka Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato bidiyoyin da ke yawo a wayoyin samarinmu, waɗanda ke nuna Amurkawa zaune a gareji suna sake ɗura kwanson harsashin da aka riga aka harba. Ɗan ƙanena da ke cikin 'yan sintirin ƙauyenmu ne ya nuna mini ɗaya, yana cewa, "Baba, ai wannan bai fi ɗurin bindigar toka wuya ba." Hankalina ya tashi, domin na taɓa ganin wannan aiki da idona.

Sa'ad da nake karatun aikin gona a jihar Kansas, na yi haya a gidan wani dattijo, tsohon soja, mai bindiga ƙirar AR-15, irin wadda Eugene Stoner ya zana a kamfanin ArmaLite a shekarun 1950, wadda kuma daga gare ta M16 ta sojojin Amurka ta samo asali. Ta farar hula harsashi ɗaya take fitarwa a kowane jan kunama, amma da kanta take tofar da kwanso ta ɗora sabo. Idan dattijon zai zauna ɗuri, sai ya kashe rediyo, ya rufe ƙofa, ya ajiye gwangwanin hodar harsashi guda ɗaya tak a kan tebur, kusa da sikeli da littafin awo da wani tsohon littafinsa na rubutu. Kowane kwanso sai ya juya shi a ƙarƙashin fitila yana neman tsaga. Awon da suke amfani da shi, wanda suke kira giren, sai an tara 7,000 kafin a sami fam ɗaya, kuma sikelinsa har kashi ɗaya cikin goma na giren yake nunawa. Wani dare waya ta katse shi yana tsakiyar aiki, da ya dawo ya kasa tuna inda ya tsaya, sai na ga ya warware duk abin da ya ɗura tun magariba, ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko guda ba.

Da na tambaye shi dalili, sai ya bayyana mini cewa matsin da ke tasowa a cikin bututu idan harsashin .223, irin wanda bindigar tasa ke ci, ya tashi yakan kai fam 55,000 a kan kowane inci murabba'i, bisa ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar masu ƙera makamai da ta soma tsara waɗannan ma'aunai tun 1926, kuma duk wannan yana faruwa ne ɗan taƙi kaɗan daga idon mai harbi. Bindiga mai ɗora wa kanta harsashi ta fi kowace tsautsayi a nan, saboda iskar harbin ce ke tura sakatarta baya, don haka hodar da ba ta dace ba kan hana ta aiki ko ta lalata ta. Masu tsohuwar M1 Garand ta Yaƙin Duniya na Biyu sun san yadda sandar cikinta ke lanƙwashewa saboda haka. Allurar AR-15 kuma, wato ƙarfen da ke dukan harsashi ya tashi, sake take, tana ɗan taɓa gindin harsashi duk lokacin da sakata ta rufe, ta yadda idan ɗan ƙyastun da ke gindin kwanso, wanda ke kunna hodar, bai zauna daidai ba, bindigar na iya tashi ba tare da an ja kunama ba.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne, yawancin mutanen nan ba sa haɗa hoda ko ƙyastu a gida. Daga masana'anta suke sayen su, a kan awon da aka gwada a ɗakin bincike, kuma dokar ƙasarsu ta yarda mutum ya ɗura don kansa, ko da yake dokar 1968 ta wajabta lasisi ga mai yi don sayarwa. Mu kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta haramta wa mutum ƙera harsashi da mallakar bindigar yaƙi, shi ya sa aikin yake hannun hukuma, kamar masana'antar makamai ta gwamnati, DICON, da aka kafa a Kaduna a 1964. Ban da haka, yawancin kwanson AK-47 da ake tsinta a dajinmu na ƙarfe ne, irin wanda Amurkawan nan da kansu suke zubarwa.

Babban tsorona shi ne rikita albarushi da hodar harsashin zamani, domin abu biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Albarushin mafarauta idan ya shiga bindigar soja, toka yake tarawa ya toshe ta a daidai lokacin da mai ita ya dogara da ita. Hodar zamani kuwa idan aka zazzage ta daga harsashin soja aka zuba wa bindigar toka, wadda maƙeri ya yi bututunta da bututun ruwa, fashewa take yi. Na je dubiyar wani saurayi, ɗan maharbin garinmu, da ya gwada haka; yatsunsa uku na hannun hagu sun tafi, kuma har yau mahaifiyarsa ce ke ɗaura masa maɓallin riga.

Ba na zargin samarin nan, Malam Edita. Wanda aka kore wa shanu, aka ɗauke masa ƙanwa a Zamfara ko Katsina, ya kira ɗauki bai samu ba, dole ya yi ta neman dabara, kuma laifin wannan hali yana wuyan waɗanda aka ɗora wa tsaron rayukanmu. Sai dai kwanson da yara ke tsinta bayan hari yana da amfanin da ya fi a sake ɗura shi, domin a gindinsa akwai hatimin masana'antar da ta yi shi, sau da yawa har da shekarar, kuma da irin wannan hatimi masu bincike kamar ƙungiyar Conflict Armament Research, mai binciken makamai a wuraren rikici, suke bin sawun harsashi daga rumbun da ya fito zuwa hannun da ya harba shi. Duk kwanson da aka narkar a kasuwar gwangwan, an shafe sawun mai safara ne.

Roƙona gare ku shi ne, ku tura wakilanku su tambayi rundunar 'yan sanda da cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 inda ya kamata mai unguwa ya kai kwanson da aka tsinta, da tabbacin cewa ba za a tsare wanda ya kai ba, sannan ku buga amsar da Hausa domin a karanta wa 'yan sintiri a dandali.

Naku,
Wani tsohon malamin gona, daga Zariya